Tukunya, tattaki ko allura: ta ina mai lalura zai fara rage ƙiba bayan shekara 45?

Maganar likita ba ta wuce kalma biyar ba: "Alhaji, sai ka rage nauyi." Ko kuwa, "Hajiya, sai kin rage jiki." Daga nan ya rubuta magani, ya kira na gaba. Bai samu sukunin faɗin ta yaya ba, ga mutumin da ya ba shekara 45 baya, gwiwa na ƙara duk sanda zai miƙe daga tabarma, jini ya hau, sukari kuma ya fara leƙowa. Kafin a kwana biyu shawara ta yi masa yawa. Abokin majalisa ya ce ya yi rajista a gidan motsa jiki. Uwargida ta ce a soke tuwon dare. Wata ƙanwa ta turo masa bidiyon shayin da ke narkar da teɓa cikin mako biyu, ɗansa na jami'a kuma ya ce, "Baba, ai yanzu allura ake yi sau ɗaya a sati."

Hanyoyi huɗu ke nan, amma ba sa'annin juna ba ne. Ɗaya tana sauke kilo, ɗaya tana tsare zuciya da gaɓoɓi, ɗaya tana aiki sosai muddin aljihu na biya, ta huɗun kuwa ko sahun ba ta cancanci shiga ba. Wadda za a fara da ita, irin ciwon da ke jiki ne yake zaɓa.

Bari mu fara kawar da uzurin da muka fi so, wato "shekaru ne". A 2021 mujallar Science ta buga wani babban bincike da Herman Pontzer na Jami'ar Duke a Amurka ya jagoranta, wanda ya tattara awon mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29. An gano cewa in aka yi la'akari da girman jiki, yadda jiki ke ƙona abinci ba ya raguwa tsakanin shekara 20 da 60, sai bayan nan yake fara ja da baya kaɗan-kaɗan. Injin na nan da ransa ke nan. Zaman ne ya canza: wanda a da yake taka sayyada daga unguwa zuwa kasuwa, yanzu babur ko mota ke sauke shi a bakin shago, ya wuni kan benci, a kawo masa shinkafa da lemo. Tsokar da ba a mora tana zaizayewa. Mata kuma, in al'ada ta ɗauke, kitsen da a da yake zama a ƙugu da cinya sai ya tattaro ya koma ciki. Ga kuma magungunan da su da kansu ke ƙara nauyi, irin su insulin da prednisolone da dexamethasone. Na ƙarshen nan yana cikin haɗin da ake kira "sha ka fashe", wanda wasu suka sha da ƙuruciya lokacin da ƙiba take ado.

In dai kilo ake so ya sauka, tukunya ta fi ƙafa sauri, kuma lissafin a fili yake. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700. Mai nauyin kilo 80 zuwa 90 da ya yi tafiyar sassarfa ta minti 30 bai ƙona fiye da kalori 150 zuwa 190 ba. Kwalbar lemo mai cikakken zaƙi ta santilita 50 tana da sukari wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 13, kalori kimanin 200. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120. Saboda haka wanda ya zagaye unguwa har ya jiƙe da gumi, ya dawo ya kora da lemo mai sanyi, bashi ma ake bin sa.

Hujja mafi ƙarfi da tukunya ke da ita daga Birtaniya ta fito. Farfesa Roy Taylor na Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow sun jagoranci wani gwaji mai suna DiRECT, aka buga sakamakonsa a 2017. Masu ciwon sukari nau'i na biyu da ba su wuce shekara 6 da kamuwa ba, kuma ba a kan insulin suke ba, aka ɗora su kan kalori kimanin 850 a rana na wata 3 zuwa 5, sannan aka mayar da su abinci a hankali. Bayan shekara guda kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86 cikin 100. Bayan shekara biyu adadin ya koma 36 cikin 100, domin duk wanda nauyin ya dawo masa, ciwon ma yakan biyo sawu. Wannan tsari ne na asibiti, da ma'aikatan lafiya a kai, ba abin da mutum zai kwaikwaya shi kaɗai a ɗaki ba. Amma ya nuna cewa kitsen ciki da ciwon sukari a igiya ɗaya suke ɗaure.

A gidan Bahaushe me wannan ke nufi? Ba lallai a yi sallama da tuwo ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe ta ƙaru, man da ake kwararawa har ya taso saman miya a auna shi da cokali. Abin sha ne ya fi cin amana, don ba ya ƙosarwa: shayi mai kauri da madara da sukari cokali uku, kunun zaƙi, zoɓon da aka cika wa sukari, fura da nonon da aka zaƙaƙa, lemon da ake ajiye wa baƙo shi ma mai gida ya ɗauki ɗaya. Mai shan biyu daga cikin waɗannan kullum, in ya yanke su kaɗai zai ga bambanci a sikeli kafin ya taɓa kwanon tuwo.

Akwai kuma ruɗin da ya yi katutu tsakanin masu sukari, cewa tuwon alkama da acca ba su da laifi ko nawa aka ci. Su ma hatsi ne, su ma sukari suke komawa a jini. Malmala uku ta alkama ba ta fi malmala ɗaya ta dawa alheri ba. Abin da ke riƙe ciki da gaske shi ne wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari, da ganye: zogale, rama, yakuwa, alayyafo. Kwaɗo abinci ne mai kyau, muddin ba a nutsar da shi a ƙuli da mai ba.

Mai hawan jini yana da ƙarin aiki a madafa ko da nauyinsa bai motsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, kuma wannan ya haɗa da wanda ba a gani. Kusan rabin dunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke sa gishiri ya tayar da jini. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta za su iya ɗaukar wani kaso na aikin. Rage nauyin shi ma yana taimakawa: a matsakaicin lissafi, duk kilo ɗaya da ya sauka yana sauke awon jini da kusan lamba ɗaya.

Matsalar tukunya ita ce ba ta mutum ɗaya ba ce. Magidanci ba shi ke girki ba, uwargida kuma ba za ta ɗora tukunya biyu kullum ba a wannan tsadar gas da gawayi. Ga suna, ga biki, ga abincin maƙwabta da ba a mayarwa. In jiki ya fara faɗawa sai tambaya ta fara: "Lafiya kuwa? Ko wani abu ke damunka?" Mace ta fi shan wannan, don nan da nan za a ce mijin ne ba ya kula da ita. Sannan wanda ya rage abinci kawai yana zaune, ba kitse kaɗai yake asara ba, har da tsoka, kuma a wannan shekarun tsoka ba ta dawowa da sauƙi.

Haɗari na gaske yana ga mai shan maganin sukari na glibenclamide ko makamancinsa, da mai allurar insulin. In ya rage abinci magani na nan yadda yake, sukari na iya faɗuwa ƙasa warwas: rawar jiki, gumi, jiri, har suma. Wannan mutumin likita zai fara gani kafin ya taɓa malmala. Haka ma batun azumi. Azumin Litinin da Alhamis ibada ce, ladanta daban. Amma a matsayin dabarar rage ƙiba, wani gwaji da aka yi a Guangzhou ta ƙasar Sin kan mutum 139, aka buga a 2022, ya nuna taƙaita cin abinci cikin awa 8 a rana bai fi rage yawan abincin kawai ba bayan shekara guda. Kowa ya san yadda wasunmu ke fitowa daga Ramadan da ƙarin kilo, albarkacin ƙosai da soyayyen dankali da kunu a buɗa-baki.

To motsa jiki fa? A kan sikeli rago ne, gaskiya. Mutum zai yi wata uku yana tattaki ya ga kilo biyu kacal sun tafi, ya karaya ya daina. Sikelin ne bai iya ba da labarin duka ba. Tattaki yana sauke jini, yana sa tsoka ta zuƙe sukari daga jini, yana gyara barci, kuma yana cikin abubuwan da suka fi hana kilon da ya tafi dawowa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya jan dogon karatu ba tare da haki ba. A Amurka an yi gwaji kan mutum sama da 3,000 da sukarinsu ke bakin gaɓa, aka fitar da sakamako a 2002: waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsi na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100, masu shan maganin sukari na metformin kuwa da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da ɗoriya ba.

Cikin nau'o'in motsin, tattaki ya fi kowa araha, takalmin kambas kawai yake nema. Abokan gabarsa yanayi da gwiwa. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka lokacinsa bayan sallar asuba ne ko bayan isha'i. Da hunturu kuma ƙura ce ke tayar wa mai asma da ciwo, sai da takunkumi ko a jira hazo ya lafa. Ba dole sai an je filin sukuwa ba. Minti 10 zuwa 15 bayan kowane cin abinci, ko a tsakar gida ne ana kai da komowa, yana rage tashin sukarin bayan ci, kuma wannan ya fi dacewa da matar da fita ba ta yi mata sauƙi. Mai sukari ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya yi doguwar tafiya da silifa ko ba takalmi, domin ƙafar da jijiyarta ta fara mutuwa ba ta jin ƙaya, kuma ƙaramin rauni ne ke zama gyambo.

In gwiwa ta ƙi tattaki, keke ne magajinsa, domin sirdi ke ɗauke nauyin. Keken titi yana da haɗarin ababen hawa, keken motsa jiki na cikin ɗaki kuwa kuɗi ne sau ɗaya, in dai bai koma wurin rataye kaya ba, wanda shi ne ƙarshen da yawansu. Ninƙaya ta fi duka sauƙi ga gaɓoɓi, sai dai wurin yin ta da sutura da keɓewa ba kowa ke samu ba, ba sai mun daɗe a kanta ba. Gidan motsa jiki yana da inuwa da kayan ƙarfafa tsoka da abokan yi, amma akwai kuɗin wata da na zuwa, kuma mai horarwa ɗan shekara 25 da bai tambaye ka awon jininka ba kafin ya ɗora ka kan injin gudu, ka yi hattara da shi. Mai hawan jini ba ya riƙe numfashi yana ɗaga nauyi. In awo ya kai 180 bisa 110, ranar ba ta motsa jiki ba ce, ta asibiti ce. Ciwon ƙirji, ko numfashin da ya sarƙe fiye da ƙima, ko jiri, dalili ne na tsayawa nan take.

Ƙarfafa tsoka, wanda aka fi mantawa, ba ya buƙatar rajista. Tashi da zama daga kujera sau 10 ba tare da dafa hannu ba, a huta, a sake. Ture bango da hannu biyu. Ɗaga jarkar ruwa ta lita 4 ko 5. Tsokar cinya ita ce mai gadin gwiwa. Masu bincike a Jami'ar Wake Forest ta Amurka sun auna a 2005 cewa duk kilo ɗaya da ya sauka yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. A 2013 suka buga gwajin wata 18 kan mutum 454 masu ciwon gwiwa, inda waɗanda suka haɗa rage abinci da motsa jiki suka fi masu ɗaya kaɗai samun sauƙin ciwo. Ga wanda ya koma yin salla a kan kujera yana kewar sujada, wannan lissafin ya fi na sikeli ma'ana. Abin gudu shi ne a riƙa haɗiyar diclofenac ko ibuprofen daga kemis kullum don a samu a taka. Suna tayar da jini, suna taɓa ƙoda da ciki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Allura kuwa ba ƙarya ba ce. Semaglutide na kamfanin Novo Nordisk na Denmak, wanda ake sayarwa da sunan Ozempic don ciwon sukari da Wegovy don ƙiba, yana kwaikwayon wani sinadarin hanji da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, yana kuma jinkirta fitar abinci daga ciki. A gwajin da aka buga a 2021, masu yin ta sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Tirzepatide na kamfanin Eli Lilly, wato Mounjaro, ya kai wajen kashi 20 a mafi girman awo. A 2023 an nuna semaglutide ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya da kashi 20 cikin 100 ga masu ƙiba da suka riga suka kamu da ciwon zuciya. Babu shayi ko tsarin abincin gida da ke kusantar waɗannan lambobi.

Sai dai haya ce, ba saye ba. Waɗanda suka daina bayan gwajin 2021, cikin shekara guda kashi biyu bisa uku na abin da suka rage ya dawo. Kuɗinta na wata-wata ya fi ƙarfin yawancin masu albashi, kuma da kuɗin waje ake shigo da ita. Tana son firji kafin a fara amfani da ita, a ƙasar da wuta ke zuwa in ta ga dama. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin ciki sun zama ruwan dare a farko, wasu kan samu tsakuwar matsarmama. Mai ciki ko mai neman ciki ba ta yi, haka wanda a danginsa akwai wani nau'in kansar tayroid, gaɓar nan ta wuya da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Ita ma tana cin tsoka tare da kitse in ba a motsa jiki. Ga jabu: a Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil da Birtaniya da Amurka. In a can an yi, to wanda ake talla a Instagram a aiko maka ta tashar mota fa? A ganina allurar ta wanda ƙibarsa ta yi tsanani ce, ga sukari ko ciwon zuciya, ga likita a kansa, ga kuma halin biya na dogon lokaci.

Shayin rage teɓa ba zai ci mana lokaci ba. Yawancinsu filasko ne ko wani abin sa fitsari. Abin da ke fita ruwa ne da bayan gida, kitsen na nan, kuma mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari yana iya ƙarasa busar da kansa ya wahalar da ƙoda. An sha kama wasu da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam ƙodarsu ta lalace bayan shan haɗin ganyen rage ƙiba na wani asibiti a Brasels, da yawa sai da aka kai ga wankin ƙoda ko dashe. Kalmar "na gargajiya ne" ba ta wanke komai.

Da ni ake tambaya, ga yadda zan raba. Mai ciwon gwiwa ya fara da tukunya da kujera, ya sauke kilo 4 ko 5 tukuna, sannan ya ƙara keke ko gajeren tattaki a ƙasa mai laushi. Mai hawan jini da gwiwarsa ke lafiya ya fara da gishiri da tattaki tun gobe, kilo ya biyo baya. Mai sukari, musamman wanda bai daɗe da kamuwa ba, shi ya fi kowa riba a rage nauyi mai yawa, kuma shi ya fi kowa buƙatar a gyara masa magani kafin ya fara. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ko ciwon ƙoda, likitansa ne zai yanka masa iyaka, har da yawan wake da nama da ganyen da zai ci in ƙoda ce.

Rabin kilo a mako ya wadatar. Wanda ba shi da sikeli ya sami zare, ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya naɗe shi gida biyu ya koma rabi, ya zagaya cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. In bakin zaren bai haɗu ba, cikin ya wuce rabin tsawo, kuma da aiki. A sake gwadawa duk wata.

In nauyi ya fara sauka, maganin da a da yake daidai yana iya yin yawa. Alamarsa jiri ko duhun ido in an ɗago daga sujada ko an miƙe daga zaune, ko rawar jiki kafin azahar ga mai sukari. Kada a ajiye maganin da kai. A rubuta awon jini da na sukari na mako biyu a takarda, safe da yamma, a kai wa likita ya rage da hannunsa.